A sayi cefanen 'yan makaranta daga lambunan Makoda

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura da rani ya san motocin da ke fitowa daga yankin madatsar ruwa ta Tomas, maƙare da kwandunan tumatir da buhunan albasa da tattasai, sun nufi kasuwar 'Yan Kaba. Suna wuce makarantun firamare inda yara ke zaune tun safe da ɗan koko a ciki, wasu ma ba su karya ba. 'Ya'yan masu noman kayan ne. Ni malamin firamare ne a ƙaramar hukumar Makoda, ina kuma taɓa noman rani, don haka ina ganin abin ta fuska biyu. Roƙona ga gwamnati da masu ba da tallafi shi ne a ware wani kaso na kuɗin ciyar da ɗalibai musamman don ɗanyen kayan lambu, a kuma sayo shi daga manoman da ke kewaye da makarantar.

Ciyar da ɗalibai ba baƙon abu ba ne a Kano. Gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta yi, kuma iyaye sun ga yadda azuzuwa suka cika. A 2016 gwamnatin tarayya ta kawo nata shirin ga 'yan aji ɗaya zuwa uku, a kan naira 70 kowane yaro a rana, daga baya aka mai da shi naira 100, sai aka dakatar da shi a farkon 2024. Mai dafa abinci da aka ba wannan kuɗi ba ta da zaɓi. Dole ta fara sayen abin da zai cika kwano, shinkafa ko taliya da ɗan mai, ganye kuwa sai in an samu rara. Ba laifinta ba ne, lissafin ne bai bar wa alayyafo da karas gurbi ba.

Ƙoshi daban, gina jiki daban. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran jihar Kano 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Irin waɗannan yara ne suke zuwa mana aji ɗaya. Ina gane su: da an yi tara sai hamma da gyangyaɗi, ka faɗi abu yanzu, anjima ya tafi. Zogale da rama da alayyafo suna taimaka wa jini, karas da kabewa da gwanda suna da sinadarin da ke kare ido da ƙarfafa garkuwar jiki. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Babu zangon karatun da ƙasarmu ba ta da abin bayarwa. Zangon farko yana faɗowa a ƙarshen damina da kaka, lokacin kuɓewa, yakuwa, rama, kabewa da sabon wake. Zango na biyu, daga Janairu, shi ne ganiyar lambu: tumatir, albasa, karas, kabeji, latas. A lokacin ne ma farashi ke faɗuwa har manomi ya kasa mai da kuɗin fetur ɗin injin ban-ruwa, ya shanya tumatirinsa a ƙasa ya zama kauɗa. Zango na uku ne mai wuya, domin zafin bazara yana ƙone lambu, amma akwai mangwaro, akwai zogale, akwai kauɗar da za a iya saye da araha tun Maris a adana cikin tsabta. Da waɗannan, matanmu sun san yadda za su haɗa dambu da zogale, ko fate da yakuwa, ko shinkafa da wake da yankakken kabeji da tumatir a kai.

Wata ƙasa ta riga ta gwada. A 2009 Brazil ta yi doka cewa aƙalla kashi 30 cikin ɗari na kuɗin da tarayya ke bayarwa don abincin makaranta a kashe shi wajen ƙananan manoma. Haka manomi ya samu tabbatacciyar kasuwa, yaro ya samu sabon abinci.

Ga yadda nake ganin zai yiwu a nan. Kuɗin cefanen ya shiga asusun kwamitin kula da makaranta kai tsaye, hedimasta da wakiliyar iyaye mata su sa hannu tare. A yi yarjejeniya da ƙungiyar manoman lambu mafi kusa tun kafin su shuka, su san abin da za a buƙata. A biya su duk mako, domin ƙaramin manomi ba ya iya ba gwamnati bashi. A manna takardar abin da aka saya da farashinsa a jikin bangon ofis. Makarantar da take nesa da fadama a haƙa mata rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, yara su sha, a kuma raya ɗan lambu da shingen zogale. Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako tana kusa da mu, ɗalibanta za su iya koyar da hakan.

Wasu za su ce kuɗin zai salwanta. Tsoron yana kan hanya, sai dai ɓarna ta fi sauƙi idan ɗan kwangila ɗaya a birni ne ke sayo wa makarantu ɗari. A ƙauye kowa ya san farashin kwandon tumatir na ranar kasuwar Dambatta, kuma uwar da ɗanta ya dawo bai ci ba za ta zo ta tambaya. Wasu kuma za su ce a fara gyara rufi da samar da kujeru. A gyara, muna so. Amma yaron da ke aji biyu bana ba zai jira a gama gine-gine ba kafin jikinsa ya girma.

Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Ina kira ga Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta jiha da shugabannin ƙaramar hukumarmu da ke Koguna su zaɓi 'yan makarantu a mazaɓun Kadandani, Satame da Maitsidau, su gwada wannan tsari na shekarar karatu guda. A auna zuwan yara makaranta da nauyinsu a farko da ƙarshe, a tambayi manoman abin da suka samu, sannan a bayyana sakamakon kowa ya gani.