A Daina Karɓar Tsintsiyar Kasuwa Da Sunan Aikin Hannu

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda darasin aikin hannu ya lalace a makarantunmu na firamare.

Ni manomi ne, da rani kuma ina ɗan kasa tireda a bakin kasuwar garinmu. A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, yarona ɗan aji huɗu ya dawo gida ya ce malam ya ce kowa ya kawo aikin hannu ran Litinin. Na ce madalla, to me za ka yi? Sai ya ce, "Baba, ai ba yi ake ba. Tsintsiya biyu ake kaiwa, ko naira ɗari biyar." Ba zan ɓoye laifina ba, na zari biyu cikin na sayarwa na miƙa masa. Da sakamako ya fito, wai ya ci saba'in bisa ɗari, yaron da ko zare bai ɗaura ba. A makon nan tsintsiyata ƙarewa ta yi kaf. Na yi ciniki kam, amma wallahi raina bai yi mini daɗi ba.

Mu da muka yi firamare, ko da yake ni a aji shida na tsaya, ba haka muka tarar ba. Ranar aikin hannu a gindin bishiya ake zama. Wasu su je rafi su ɗebo yumɓu, a kwaɓa, a gina kasko ko asusu, a shanya a inuwa don kada rana ta tsaga shi. Wasu su jiƙa kaba su saƙa tabarma ko mafici, 'yan mata su ɗinka faifai, mu kuma mu tufka igiya da rama. Akwai motar kara, wadda sai ka feƙe kara ka auna ƙafafunta daidai, in ba haka ba ta tafi a karkace 'yan aji su yi maka dariya. Launi ma ba saya muke ba: ga jar ƙasa, ga farar ƙasa, ga gawayi da ƙaro. Igiyar da nake ɗaure awakina da ita har gobe ni nake tufka abata, kuma a can na koya.

Jama'a, asarar ba ta sana'a kaɗai ba ce. Yaron da ya ga an ba shi maki da kuɗi tun yana shekara tara, me zai hana shi neman sayen jarrabawa in ya girma? Ga kuma ɗan talaka, wanda watakila ya fi kowa baiwar hannu, shi ne zai zo na ƙarshe saboda ubansa ba shi da ɗari biyar.

Na san malamai za su ce albashi ba ya isa, aji ya cika maƙil, ba alli balle fenti, kuma makaranta na bukatar abin shara. Gaskiya ne, ban musa ba. To a fito fili a ce iyaye su taimaka da tsintsiya, za mu kawo. Amma kada a kira shi aikin hannu, kada a ba shi maki. Wasu iyayen kuma ƙyamarsu ita ce kada a sa yara ƙera mutum-mutumi. Wannan ai mai sauƙi ne, tulu da tabarma da zanen ƙwarya ba su da rai.

Duk mai takardar naira ashirin, wadda muke kira Murtala, ya juya bayanta. Matar nan da ke zaune tana ginin tukunya ita ce Ladi Kwali, Bagwariya, wadda ta koyi sana'ar a gida tun tana yarinya, ta kai har Ingila da Amurka tana nuna gwanintarta kafin ta rasu a 1984. Yumɓun dai shi ne wanda muke takawa a bakin rafi.

Don haka ina kira ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da hedimastoci da ƙungiyar iyaye da malamai, su sa doka a riƙa yin aikin a cikin makaranta, a gaban malam, ba a gida ba, inda uwa ko wa zai yi wa yaro. In malam bai iya ba, ba abin kunya ba ne. Babu garin da ba shi da masaƙi ko dukawa ko tsohuwa maginiya. A gayyato ɗaya sau ɗaya a mako, a ɗan ba shi na goro. Ni dai na yi alkawarin ɗaurin kaba biyu da rama, kuma in an yarda, duk ranar Alhamis da hantsi zan rufe tebur in zo in koya wa yara tufka.

Naka mai karatu kullum,
Wani manomi, ɗan tireda.