Wayarka Ta Isa Naɗar Waƙa, Kunnenka Ne Da Sauran Aiki

Kwanakin baya ɗan yayata, wanda yake koyon haɗa kiɗa da tace sauti, ya turo mini waƙa ta WhatsApp wajen ƙarfe ɗayan dare. A ƙasanta ya rubuta, "Kawu, don Allah kada ka yi dariya." Ban yi dariyar ba, amma sai da na rage ƙarar waya. Kiɗan rok ne, irin wanda jitar lantarki take gurnani a cikinsa. Ganga tana gaba, jita tana bin ta a baya da ɗingishi, muryarsa ta nutse a tsakani, can wajen ƙarshe kuma janaretan maƙwabta ya shigo ya yi nasa amshin. Duk da haka sau uku na saurare ta, domin akwai waƙa a ciki.

Da gari ya waye na tambaye shi sauran. Ya ce yana da waƙoƙi goma sha ɗaya a littafi, wasu rok, wasu masu sanyi, amma ba zai naɗe su ba sai ya samu kwamfuta mai ƙarfi da makirufo na gaske. Amsar nan ce ta sa na ɗauki alƙalami, don na sha jin ta a bakin matasa, kuma a ganina kuskure ce babba. Haɗa kiɗa sana'ar kunne ce, kunne kuwa ba ya wayewa sai an ba shi aiki. Duk watan da ɗalibi ya yi yana jiran kaya, wata guda ne da ya tafi bai koyi komai ba.

Mu fara da batun kayan. A shekarar 2017 wani matashi ɗan Amurka mai suna Steve Lacy, yana ɗan shekara 18, ya haɗa kiɗan waƙar "PRIDE." ta Kendrick Lamar a kan iPhone. Abin da ya yi amfani da shi manhajar GarageBand ce da wata 'yar na'ura mai suna iRig da ake jona jita da waya da ita. Kundin waƙoƙin Billie Eilish na 2019, wanda ya lashe babbar kyautar Grammy a 2020, a ɗakin kwanan yayanta Finneas aka naɗe shi, a gidan iyayensu da ke Los Anjalis. Gaskiya ne da kwamfuta suka yi, kuma daga baya an kai wa ƙwararru sun tace, amma waƙoƙin a wannan ɗakin aka haife su. Tun kafin su, a 1982, Bruce Springsteen, ɗaya daga cikin manyan mawaƙan rok, ya naɗi wasu waƙoƙi a gida a kan kaset, da na'ura mai layi huɗu kacal, da niyyar gwaji. Da ya je sutudiyo da makaɗansa suka sake su, sai ya ga ba su kai na kaset ɗin ba. Na kaset ɗin ya fitar, shi ne kundin Nebraska. Wayar da ke hannunka yanzu, ko da ta kwana biyu, ta fi waccan na'urar layuka da tsabtar sauti nesa ba kusa ba.

Za ka iya cewa waɗannan Turawa ne, nasu daban. To ga na gida. Mdou Moctar, Ba'abzinen Nijar da yau ake lissafa shi cikin fitattun makaɗan jita na duniya, da hannunsa ya ƙera jitarsa ta farko, da wayoyin keke a matsayin tsirkiya. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da Auto-Tune da salon sutudiyon waƙoƙin Hausa na lokacin. Babu kamfanin da ya tallata masa. Waƙoƙin sun yi ta yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memori har suka ƙetara Sahara, inda wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ci karo da su a arewacin Mali, ya sa ɗaya a tarin da ya fitar a 2011 mai suna Music from Saharan Cellphones. Shekara goma bayan haka kamfanin Matador na Amurka ya fitar da kundinsa Afrique Victime, kuma rok ne tsagwaronsa. Da ya tsaya jiran sutudiyon da ya dace da shi, da Kirkley bai tarar da komai a waccan wayar ba.

Yanzu ga inda wasu za su saɓa da ni. Ina ganin ɗan yayan nawa ya yi daidai da ya fara da rok, kuma zan ba duk mai koyon wannan sana'a shawarar ya naɗi ko da waƙa biyu irin wannan, ko da ba shi ne kiɗan da yake so ba. Dalilina ba na son kai ba ne, ni kaina ba kullum nake jurar ƙarajinsa ba. Yawancin kiɗan da ake haɗawa a sutudiyoyinmu a cikin na'ura ake yin sa daga farko har ƙarshe: a ɗauko ganga daga fiyano ko daga manhaja, a jera, a ɗora murya, Auto-Tune ya miƙe abin da ya karkace. Wannan ma fasaha ce, ban raina ta ba. Amma sautin da ka ɗauko daga manhaja wani ya riga ya tsabtace maka shi, ba za ka taɓa sanin wahalar da ya sha ba. Rok kuwa dole hannu ya taɓa tsirkiya, sauti ya ratsa iska ko waya, kai kuma ka kama shi. A nan ne za ka gane cewa matsar da makirufo da faɗin yatsa uku yana canja komai. A nan za ka ji yadda jita mai gurnani take cinye muryar mawaƙi saboda wuri ɗaya suke zaune a ma'aunin sauti, sai ka koyi rage wa ɗaya don ɗaya ta fito. A nan za ka gano cewa jitar bes da babbar ganga kishiyoyi ne, in ba ka raba musu kwana ba gida ba zai zauna lafiya ba.

Kuma wanda ya iya kama jita ya iya kama gurmi, da garaya, da goge, da kalangu. Ka tuna marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya cika duniya. Matashi nawa ne cikin masu haɗa kiɗa a yau za a ajiye wa mai kuntigi a gabansu su san inda za su sa makirufo? Wannan tambayar ta ƙara nauyi tunda manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su Suno suka fito, waɗanda za ka rubuta musu layi biyu su ba ka cikakkiyar waƙa da kiɗa da murya kafin shayinka ya huce. Wanda duk iyawarsa jera sautukan da aka shirya ce, na'ura ta riga ta kamo shi, kuma ta fi shi arha. Wanda ya san yadda ake naɗar mutum mai rai da kayan kiɗansa a ɗaki, da sauransa.

Akwai ƙorafi ɗaya da ba zan iya turewa ba: kuɗi. Waƙar biki da ta siyasa da ta fim su ne suke ciyar da sutudiyo a wajenmu, babu wanda zai kira ka ka haɗa masa rok ranar kamu. Haka ne. Ban ce ka mai da shi sana'a ba. Amma kunnen da ka samu a can da shi za ka dawo ka tace waƙar amarya, kuma za a ji bambanci.

Sai dai waya tana da nata sharuɗɗa, kuma a nan ne yaron nawa ya yi tuntuɓe. Idan iPhone gare ka, GarageBand kyauta ce. Idan Android ce, BandLab kyauta ce, tana naɗar layuka da yawa kuma tana da kwaikwayon amfilifayar jita a ciki. FL Studio Mobile kuwa ta kuɗi ce. Babbar matsalar ita ce jinkiri, wato ɗan lokacin da ke tsakanin abin da ka kaɗa da lokacin da waya ta rubuta shi. Shi ya sa jitarsa take ɗingishi a bayan ganga. Da iyafis na Bluetooth ya yi naɗin, su kuwa jinkirinsu kan kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. A hira ba za ka lura ba, a kiɗa kuwa ɓarna ce. Nemi mai waya, ko na kasuwa ne, sannan ka shiga saitin BandLab ka yi gwajin gyaran jinkiri kafin ka fara. Ka kuma kunna 'yar ƙwanƙwasar da ke ƙirga awo tun daga layin farko. Kowa yana ƙin ta da farko, don ba ta san kara ba, tana tona asirin duk inda ka yi gaggawa.

Ɗaki ma kayan aiki ne. Bangon siminti tsirara da tayil suna mayar da sauti, muryarka ta fito kamar a cikin rijiya kake. Jingina katifa a bango, rataya bargo, tsaya kusa da inda ake rataye kaya. Kashe fanka, ka sha zafi na minti huɗu. Ka lura da lokacin da unguwa take yin shiru, ka sa waya a yanayin jirgin sama don kada kira ya shigo tsakiyar baiti mafi kyau. Kada ka cika ƙarfin shigar sauti har alama ta yi ja: sautin da ya yi ƙasa ana iya ɗaga shi daga baya, wanda ya fashe ya fashe ke nan. In ka gama, ajiye asali a WAV, wanda minti ɗaya yake cin kusan megabayit 10, ka tura MP3 don a saurara. Kada kuma ka kuskura ka kara waya a lasifika ka tura a matsayin saƙon murya. Tura shi a matsayin fayil. Idan ka samu ɗan kuɗi, kafin ka yi mafarkin sabuwar kwamfuta, fara da 'yar na'urar jona jita da makirufo da waya, ita ce za ta fi canja maka sauti.

Abu na ƙarshe da na gaya masa ya fi duk waɗannan wuya: ka gama waƙa. Ɗalibai da yawa suna da fayil hamsin na daƙiƙa talatin-talatin, babu ko ɗaya da ta kai ƙarshe, alhali darussan da suka fi tsada suna baiti na biyu, inda zumuɗi ya ƙare, sai a ga ko ka iya riƙe mai sauraro. Gama ta, saurare ta a lasifikar waya da cikin mota da iyafis, rubuta abu uku da suka dame ka, ka wuce ta gaba. Kada ka shekara kana shafa wa guda ɗaya mai.

Makon jiya ya sake turo waƙar. Ya ari iyafis mai waya wajen ƙanwarsa, ya naɗa bayan asuba. Jita ta kamo ganga, janareta ya tafi, ana jin kowace kalma. Bes ɗin har yanzu yana danne komai in ka sa a mota, na kuma gaya masa. Ya ce, "Na ji, Kawu, amma bari in fara ta biyu tukuna." Saura goma a littafin.