Giɓi Da Haƙoran Roba: Ina Matan Karkara Za Su Dosa?

Yau zancenmu a kan bakinmu yake. Ku duba gidajen suna da na biki a Kabo, ko Garo, ko Getso, za ku ga mata da yawa, waɗansu ko shekara 40 ba su cika ba, in za su yi dariya sai sun kare baki da gyale. In aka kawo nama, sai su ƙulle a ɗankwali su ce na yara ne. Ba ƙoshi ba ne, giɓi ne.

Wannan ba matsalarmu ce mu kaɗai ba. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoto cewa mutum wajen biliyan 3.5 ne ke fama da ciwon baki da haƙori, kuma cikin masu shekara 60 zuwa sama, kimanin 23 cikin 100 ba su da haƙori ko ɗaya. Bambancin shi ne, a waɗansu ƙasashe ana sa musu na roba su ci gaba da cin abinci, mu kuwa sai mu ce tsufa ne.

To, me ya hana mu? Na farko dai nisa. Likitocin haƙori a birane suka taru. Daga Gwarzo zuwa Kano kimanin kilomita 70 ne, kuma aikin ba na rana ɗaya ba ne. Sai dasashi ya warke bayan cirewa, a ɗauki awon baki, a gwada, a sa, sa'an nan a koma gyara. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya ninka, darajar Naira kuma ta faɗi, alhali kayan haɗa haƙoran daga waje ake sayo su.

Na biyu kunya. Abin mamaki, hajiya takan dawo da haƙorin Makka a yi ta barka, amma wadda ta sa na roba don ta tauna abinci sai a riƙa zunɗenta. Wanne ya fi zama tilas?

Wannan tsada da kunya su ne suka buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa. Mutum ya shimfiɗa tabarma, ya zaɓo haƙori a kwalba, ya liƙa shi jikin na kusa da shi yadda ba ya ciruwa. Abinci ya riƙa maƙalewa a ƙarƙashi, baki ya yi wari, dasashi ya kumbura, masu lafiyar ma su ruɓe. Ga kayan aikin da ba a dafawa, waɗanda ke iya yaɗa ciwon hanta. Araha ba ta ado.

Barin giɓin ma ba dabara ba ce. Babba haƙori 32 gare shi, kowanne yana tokare da ɗan'uwansa. In ɗaya ya fita, na gefe su karkato, na samansa ya zazzago, ƙashin muƙamuƙi ya riƙa zaizayewa. Mai ciki ko mai goyo da ba ta iya tauna nama da gyaɗa, ita da jaririn ne ke asara.

Saboda haka a fara da Babban Asibitin Gwarzo a nemi shawara, in ta kama a wuce sashen haƙori na Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Wadda ke da katin asusun lafiya na Jihar Kano ta tambayi abin da katin ya ɗauke mata kafin ta biya.

Wadda aka sa wa kuwa ta yi haƙuri da makonnin farko. Yawu zai yawaita, magana ta ɗan sauya. Ki fara da kunu, da fate, da tuwo mai laushi, ki yanka nama ƙanana, goro kuma a goge shi. Ki cire su in za ki kwanta, ki sa a ruwa mai tsabta, ban da ruwan zafi domin yana lanƙwasa su. Ki wanke da buroshi mai taushi da sabulu, ban da toka ko gawayi. In suna ci miki dasashi, kada ki kankare da reza, koma wurin wanda ya yi. Bayan 'yan shekaru sukan yi sako-sako, sai a sake daidaita su.

Ku kuma 'yan makaranta, asuwaki da buroshi safe da dare, a rage alawa da lemon kwalba, a daina buɗe kwalba da haƙori.

Muna roƙon hukuma ta riƙa turo ma'aikatan haƙori Kabo da Gwarzo a ranaku sanannu, su ɗauki awo a nan, a haɗa a Kano a kawo. Maigida kuma, yadda kake yanka mata atamfar Salla, tuna da abin da za ta ci naman Sallar da shi. Allah ya ba mu lafiya, amin.