GIDA DA RUMBU: Me Ya Sa Magani Ya Daina Kashe Ƙwaro?

Uwargida, in kin taɓa tankaɗe gari kika ga ƙananan ƙwari jajaye suna gudu a rariya, to, kin san wanda za mu yi zancensa a wannan wata. Bai kai ƙwayar shinkafa tsawo ba, amma in ya daɗe a buhu sai gari ya yi wari, tuwo ya ƙi ciyuwa.

Kowane mai rai yana ɗauke da wani rubutu a jikinsa wanda ya gada daga iyayensa. Haruffa huɗu ne kacal, ana ta jera su. A shekarar 2008 masana daga ƙasashe da dama, tare da wata cibiya a birnin Hustan na Amurka, suka bayyana cewa sun karanta na wannan jan ƙwaro. Haruffansa sun kai wajen miliyan 200, ƙwayoyin gado kuwa fiye da 16,000. Duk a ɗan wannan abu!

Wani zai ce, ina ruwan maigida da wannan? Da ruwansa. Kun san ƙwayar nan mai fid da iskar fosfin, wadda ake sa wa hatsi. A wurare da yawa ana sa ta, ƙwaro yana nan daram. A 2012 masana a Ostareliya suka gano wurin da rubutun nan ya sāke har ƙwaro ya iya jure wa iskar. Ashe gado ne. In aka rage magani don tsimi, ko aka sa shi a ɗaki mai kafofi, raunanan su mutu, masu taurin rai su saura su hayayyafa. Badi kuwa jikokinsu ne za su cika rumbu, naka da na maƙwabcinka.

Saboda haka, in za a sa, a sa daidai yadda aka rubuta, a toshe kowace kafa. Ni dai na fi son buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue suka fito da shi tun farko domin wake. Ba ya bukatar magani. A shanya hatsi ya bushe sarai, a ɗaure kowane ruɓi tam, ƙwaro ya rasa iska ya mutu.

Abu ɗaya kuma, iyaye: kada kowa ya kwana a ɗakin da aka sa ƙwayar nan, balle yara. Iskarta tana kashe mutum.