Ɓera ya taka, ɗan zemijan yana kwance

Daga Zangon Kwatano har Avotrou, da wuya ka sami layin da ba a san wani da babur ya kayar ba, laka ta taɓu, ƙafafu suka mutu. Shi ya sa da zarar an turo labari a WhatsApp cewa an dasa wa ɓera ƙwayoyin halitta na asali har ya taka, sai dangi su fara lissafin kuɗin jirgin zuwa Indiya neman magani.

Labarin ɓeran gaskiya ne. A 2005, Hans Keirstead na Jami'ar Kalifoniya a Amurka ya yi wannan dashe ga ɓerayen da aka ji wa rauni a laka. Waɗanda aka yi wa kwana 7 bayan raunin, tafiyarsu ta gyaru. Waɗanda aka bari sai bayan wata 10 kuwa, shiru, don tabo ya riga ya kafe a wurin. Wannan rabin ne masu turo saƙo ba sa karantawa.

Kamfanin Geron ya fara gwaji a jikin mutane a 2010, ya janye a 2011 saboda kuɗi. A Jami'ar Keio ta Tokiyo, Hideyuki Okano ya yi shekaru kan ɓeraye da birai kafin ya taɓa mutum. Sakamakon da suka bayar a 2025 na mutum 4 ne kacal: biyu sun samu sauƙi, ɗaya daga ciki har yana iya tsayuwa. Dukkansu sabon rauni ne, na 'yan makonni.

To, mu nan ya muke yi da sabon rauni? Mutum yana kwance a kwalta, sai masu tausayi su ruga, wannan ya ja hannu, wancan ƙafa, kai yana lilo, a naɗe shi a bayan tasi sai asibitin CNHU. Lakar da hatsarin ya rage, sau da yawa taimakonmu ne ke ƙarasa ta.

Duk wanda ya ce yana da allurar da za ta tayar da ɗanka da ya shekara biyu a kwance, kuɗinka yake so. Kada ka sayar da fili. Sayi katifa mai kyau, a riƙa juya shi duk awa biyu don gudun gyambon kwanciya, a biya mai gashin ƙashi.

Limamanmu da shugabannin 'yan zemijan, wato 'yan acaba, ku faɗa wa jama'a: wanda ya faɗi ya ce ba ya jin ƙafarsa, a riƙe masa kai, kada a ɗaga shi, a kira 'yan kwana-kwana a 118.