Haushin kaza, me dami ya yi?

A ƙasarmu fushi gangarawa yake yi kamar ruwa, kullum wurin na ƙasa yake nufa. Malamin kwantiragi ya kwana biyu yana jiran kuɗinsa, mai haya ya matsa, mai shago ya rufe littafin bashi. Wanda ya riƙe kuɗin yana can Yamai, ba ya ganinsa. Wanda yake gani shi ne yaro ɗan shekara takwas da ya manta allonsa, kuma a kansa za a sauke. Haka uba da ya dawo daga kasuwa farashin buhun hatsi ya ɓata masa rai: uwar gida ce ke sha, ita kuma ta sauke a kan ɗiyarta, ɗiyar ta je ta mari ƙanenta. Wannan shi ne huce haushin kaza a kan dami, kuma mun saba da shi har ba mu ganinsa.

Maganin da muke ba juna ɗaya ne: a yi haƙuri. Ba na raina haƙuri. Amma na lura sau da yawa wanda ake cewa ya yi haƙuri shi ne wanda aka cuta, kuma abin da ake nufi shi ne ya yi shiru. Fushin da aka haɗiye ba ya narkewa, yana jiran wanda ba zai iya ramawa ba ne. Ni a ganina akwai abubuwan da ya wajaba su ɓata wa uba rai, su ɓata wa malami rai, kuma wanda ya gan su bai ji komai ba, ba haƙuri gare shi ba, zuciyarsa ce ta mutu.

Ranar 13 ga Afrilu 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana na wata makaranta a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara ashirin suka rasu, galibinsu ƙanana. Watanni bakwai bayan haka, ranar 8 ga Nuwamba, aka sake yi a makarantar AFN ta Maraɗi, yara fiye da ashirin da biyar. Duk mai ɗa ya ji zafin abin. Bayan gobarar Maraɗi gwamnati ta hana karantar da ƴan rainon yara a cikin zana. Da kowa ya tsaya ga "haka Allah ya ƙaddara" ya koma gida, ko wannan ɗin ba na jin za a samu. Imani da ƙaddara bai hana a tambayi dalilin da ya sa ake cusa yara sittin cikin rumfar kara mai ƙofa ɗaya ba. Sai dai fushin namu na sati biyu ne. Muka yi ta aika hotuna a WhatsApp, muka zagi hukuma, muka huce. Azuzuwan zana kuwa suna nan a garuruwa da ƙauyuka.

To mene ne bambancin fushin da ke gyara da wanda ke ƙonewa a banza? Na farko yana da adireshi, ya san wurin wa zai je da abin da zai nema. Kowace makarantar gwamnati tana da kwamitin gudanarwa, akwai ƙungiyar iyayen yara, akwai ta iyaye mata. Ranar taro sai ka ga mutum goma sha biyu a makarantar da ke da yara ɗari biyar. Uban da ke kumfar baki a majalisar shayi cewa malamai ba sa zuwa, da wuya ka gan shi a wurin. Da zai riƙe wannan zafin, ya rubuta ranakun da ajin ɗansa ya zauna babu malami, ya samu iyaye uku su raka shi wurin darakta, in ba a ji ba su wuce wurin sufeto da takarda a hannu, da ya ga aiki. Jami'i na iya share mai ihu, ya ce mahaukaci ne. Share mutum huɗu masu sanyin murya da suka zo da ranaku a rubuce, suka kuma ce za su dawo ran Litinin jin amsa, yana da wuya.

Tarihinmu ma ya nuna haka. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 an harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy. Fushin da ya biyo baya ya samu ƙungiyoyin ɗalibai da na ƙwadago da suka riƙe shi, suka mai da shi buƙatu, har aka kai ga babban taron ƙasa na 1991. Kwatanta wannan da ƴan kwaleji da ke fasa bencin ajinsu saboda babu malamin lissafi. Gobe ba malamin, ba bencin.

A cikin aji kuwa, ina roƙon malamai ƴan'uwana abu guda: kada ka hukunta yaro jininka na tafasa. In fushi ya taso zuciya na bugawa da sauri, numfashi ya gajarce, hannu ya riga tunani, kuma jiki yana buƙatar ɗan lokaci kafin ya sauka. Abin da addini ya koya mana, cewa mai fushi ya yi shiru, in yana tsaye ya zauna, ya tashi ya yi alwala, duk sayen wannan lokacin ne. Ce wa yaron ya same ka bayan an tashi. In ka huce ka ga har yanzu laifin laifi ne, to ka hukunta daidai da shi. Sau da yawa za ka tarar rabin fushin ba na yaron ba ne, na mai haya ne. Ma'aikatar ilimi ta daɗe da hana duka a makaranta, amma ko ba doka, yaron da aka zane don ya kasa karatu abin da yake koya shi ne ɓoyewa a bayan aji.

Kuma yaro ma yana fushi. In ya dawo gida yana huci ya ce mushe ya zalunce shi a maki, mukan rufe masa baki da "kai wa za ka yi fushi da malaminka?" Gara a zaunar da shi, ya kawo takardar, a duba tare. In shi ne bai yi daidai ba, ya gani da idonsa. In kuskuren malami ne, a koya masa yadda zai je da ladabi ya ce a sake dubawa. Yarinyar da ta koyi wannan tana ƴar shekara goma ita ce gobe za ta iya buɗe baki in wani babba ya nemi abin da bai dace ba a wurinta.

Batun zana kuwa, ga lokacin da ya kamata a tayar da shi. Kowace shekara sai an jira an yi girbi an samu kara kafin a kafa rumfunan, shi ya sa wasu azuzuwa ba sa fara karatu sai bayan sauran sun yi nisa. Kafin a kafa su, iyaye su je su ga inda za a sa su, nisansu da wayar lantarki da murhun masu tuya a bakin ƙofa, su ƙirga ƙofofin, su tambayi hukumar gari aji nawa na siminti aka sa wa makarantar a kasafin bana.