Kyautar Mawaƙa A Ikko: Ina Rabon Kalangu?

Tun shekarar 2006 ake raba kyautar Headies ga mawaƙan Nijeriya da suka yi fice. A Ikko aka soma, har a 2022 da 2023 aka kai bikin birnin Atlanta na Amurka. Madalla da wannan himma.

Amma waƙar da ke tashi a shagunan Agege da Idi-Araba da unguwar Sabo ta Ibadan, wadda direban tirela ke saurara tun daga Kano har Apapa, da wuya a ji an ambace ta a wannan dandali. Alhali kuwa tun 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa. Malaman jami'a sun san darajar kalangu, masu shirya gasa ne ba su waiwaye shi ba.

Laifin kuwa ba nasu kaɗai ba ne. Attajiran Arewa mazauna Kudu sukan yi wa mawaƙi liƙin dubbai a daren biki, gari na wayewa an manta da shi. Ya kamata sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Ikko su haɗa kuɗi su kafa tasu kyautar ta shekara-shekara, su naɗa alƙalai masu jin Hausa.